Da Ɗan Gari

Allurata ce ta fara faɗa mini.
Shekara talatin ina zura mata zare ko ban duba ba,
ran nan sai hannu ya kama ɓari,
aska takwas ta koma karkatattun layuka
a ƙirjin rigar mutane.

Ina ci kamar gara, ina ramewa kamar kara.
Zuciya na bugun ƙirjina irin na mai bin bashi.
Zafin Sakkwato kowa ya san shi,
amma nawa daban ne:
ko da asuba jiƙe nake sharkaf.
Maɓallin wuyan rigata ya daina kaiwa.

Sai na ɗaga kai na dubi rumfar da ke kallon tawa
a Tsohuwar Kasuwa.
Nomau.
Na ce shi ne, wa zai zama in ba shi ba?
Na sha rubutu, na turara jiki,
na daina amsa sallamarsa.

Ɗiyata Inno ce ta tare kabu-kabu,
ta ce, Baba, hau.

Likita ya zagayo bayana, ya ɗora yatsu a maƙogwarona,
ya ce, haɗiyi yawu.
Ya rubuta takarda zuwa ɗakin gwaji.
Can wata mai safar hannu, Luba aka kira ta,
ta ɗaure mini dantse da roba,
ta sami jijiya karo ɗaya.
Na yaba a raina, ɗinki sana'ata ce.
Jinina ya shiga kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba,
aka manna mata sunana da lamba.
Ta ce injin zai juya shi har ya rabu,
ja ya kwanta ƙasa, ruwan ɗorawa ya tsaya sama,
a cikin ruwan nan za a nemi sawu.
Sawun wa? na ce.
Ta yi murmushi: kwana tara, Baba.

Kuɗin gwajin ladan hula huɗu ne.
Kwana tara kuwa na ƙirga su a rufin ɗaki.

Ran sakamako likita ya juya takardar ta fuskance ni,
lambobi ne, ban san gabansu da bayansu ba.
Ya zana wani abu mai fiffike biyu,
kamar malam-buɗe-littafi ya sauka a wuya.
Ya ce, wannan ke iza wutar jiki.
Jiki kuma yana da masu gadinsa,
su ke korar baƙuwar cuta.
Naka wasu sun ruɗe, sun koma kan na gida,
suna zuga shi dare da rana: ƙara wuta, ƙara wuta.
Ga sawunsu nan a jininka.

Na ce, wa ya turo su?
Ya ce, ba kowa.
Wani lokaci dai yana bin dangi.

Sai Goggo Dubu ta faɗo mini a rai,
da idanunta manya, da gyalen da ba ta cirewa a wuya,
da kishiyar gari da muka ɗora wa laifi har ta mutu,
maƙwabciyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Da ɗan gari kan ci gari.
Ni kuwa ina ta gadin ƙofa.

Yanzu ƙwaya nake haɗiya kowace safiya,
bayan sati shida Luba za ta sake neman jijiyar.
Rawar hannun ta ragu, ba ta tafi ba.

Jiya na tsallaka kwata na je rumfar Nomau.
Na shirya magana tun daga gida, ta maƙale.
Ya dubi allurar da ke hannuna,
ya karɓa, ya lashi bakin zaren,
ya zura, ya miƙo mini.
Ya ce, ya jiki?